Ranar da Malam Ya Yi Faransanci a Bakin Kwara

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Sahabi. Duk wanda ya yi sakandare a Tambuwal a zamaninsa ya san shi, domin shi ne malamin Faransanci. Na saba idan wannan wata ya kama in dama fura in yi sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana dai na ga ya kamata in rubuta wani abu, saboda masu tuna shi suna ta raguwa, kuma abin da na fi tuna shi da shi ban taɓa ba kowa labarinsa ba. Wata la'asar ce, a wani gidan abinci na Faransawa da ke bakin kogi a birnin Yamai.

Malam mutumin Kebbe ne, ɗan gidan malamai. Yayyensa duk Larabci suka bi, shi kaɗai Allah ya jarabce shi da son Faransanci, tun da ya haɗu da wani malami ɗan Dahomey a kwalejin horon malamai. Shekarar da aka kwashi 'yan ajinsu aka kai su Togo don bakinsu ya faɗa, mahaifinsa ya kwanta ciwo. Ya koma Kebbe ya kama jinya da noma, aka tafi babu shi. Daga nan duk abin da ya ƙara sani daga littafi ya same shi, da wata ƙaramar rediyo da yake kangawa a kunne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da harshen mutanen da bai taɓa zama da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ni malamar firamare ce, ban san ko gaisuwa da Faransanci ba, amma akwai darasi guda da na haddace labarinsa. A littafin aji uku an kawo wani iyali da suka je cin abinci a bakin kogi. Duk shekara in an zo wurin, Malam sai ya ari farin mayafina ya shimfiɗa a kan teburin aji, ya rataya tsumman goge allo a hannu ya zama mai kawo abinci, yara su zauna su yi ta neman abubuwan da ba su taɓa gani ba. In ya dawo gida da yamma yakan zauna gindin dalbejiya ya riƙa kwatanta mini wurin: iska daga ruwa, fararen faranti, mutane na magana a hankali. Yana yi yana lumshe ido, har ni ma in fara jin sanyin kogin alhali awaki na kuka a bayanmu.

Bayan ya yi ritaya, 'yarmu ta uku, Nana, wadda ke aure a Yamai, ta haihu. Muka tafi suna, muka bi ta Birnin Kebbi da Kamba muka tsallaka zuwa Gaya. Nana ta gaji uban a harshen, a can ma aikin fassara take yi. Da aka share suna da kwana biyu ta ce ta kama mana teburi a wani gidan abinci na wata Bafaranshiya, don Baba ya ga darasinsa da idonsa.

Na zaci zai yi murna. Amma ranar tun da safe ya fara kawo uzuri, da hantsi ya ce rigarsa ba ta gogu ba. Mijin Nana ya kai mu a mota ya sauke mu bakin ƙofa ya juya, tunda ba zai ci abinci gaban surukai ba. Nana ta shige gaba. Malam ya tsaya yana gyaran hular da ba ta karkace ba, sannan ya ce da ni a hankali:

"Malama, in nib buɗe baki ba su gane mi nika faɗi ba fa? Ke nan shekara talatin ƙarya nika koya ma ɗiyan mutane."

Ban taɓa jin tsoro a muryarsa ba sai ranar. Na ce, "To ai ga mu ga su, Malam. Mu shiga."

Har yau in na rufe ido ina ganin wurin. Baranda ce mai faɗi da aka yi da katako, ta miƙa har kan ruwa, furanni ja sun sauko daga rufinta. Ga kogin Kwara shimfiɗe a ƙasa, mai faɗin da ban taɓa ganin irinsa ba, rana ta zuba a kansa kamar an narka tagulla. Wani masunci yana tsaye a kwalekwale yana tura gora ba gaggawa. Can tsallake mata na wanki, an shanya zannuwa kala-kala a kan ciyawa, balbelu na bin shanu a wani tsibiri. Motoci na wucewa kan gada daga nesa, amma ƙararsu ba ta iso mu. Kowane teburi da farin ƙyalle, a gabana cokula masu yatsu har uku da wuƙa biyu. Shekara talatin da shida da aurenmu, ranar muka fara zama cin abinci wuri ɗaya, ni da shi, a gaban jama'a.

Mai kawo abincin dattijo ne mai furfura a gemu. Yana ganin hular Malam ya washe baki ya ce, "Sannunku da zuwa, mutanen Sakkwato. Ina gajiya?" Ashe mutumin Dogonduci ne. Na ga kafaɗun Malam sun sauka, ya amsa da Hausa, har ya fara nuna abin da yake so da yatsa a takardar jerin abinci. Ya sami mafita, kuma na san in ya bi ta zai koma Tambuwal da tambayarsa a ciki har kabari. Ni da ba na tsoma baki in yana magana, na ce da dattijon:

"Don Allah yi mai da Faransanci. Malamin harshen ne."

Malam ya dube ni, kallon da ban manta ba. Dattijon ya gyara tsayuwa ya juya harshe. Sai Malam ya aje takardar, ya buɗe baki, maganar ta fito tana rawa da farko, daga baya ta miƙe. Nana ta raɗa mini cewa yana tambaya ne a tabbatar babu giya ko naman alade a abin da za a kawo mana. Dattijon na rubutawa yana gyaɗa kai, bai ce a maimaita ko kalma ɗaya ba.

Aka fara da dogon burodi mai ƙamas-ƙamas da man shanu mai sanyi. Aka kawo miyar albasa da cuku narke a samanta, na yi dariya a raina, wai albasar da muke tsallakewa a kasuwa ce aka yi wa wannan gata. Sannan giwan ruwa da aka soya da man shanu da lemun tsami, yanka ɗaya tal a tsakiyar faranti mai faɗin faifai. Babu yaji ko kaɗan, amma yana narkewa a baki. Malam ya nuna mini cokalin da ake farawa da shi, na waje, kamar yadda ya sha nuna wa ɗalibai.

Muna cikin ci mai gidan abincin ta fito tana zagaya tebura. Tsohuwa ce siririya, gashinta fari fat, an ce ta fi shekara arba'in a Yamai. Da ta iso kanmu ta yi magana da sauri kamar ana zuba tsaba a kwano. Na ga fuskar Malam ta canza, bai kama ba. Ya ce da ita wani abu, Nana ta ce roƙonta ya yi ta sassauta, domin kunnensa na ƙauye ne. Matar ta maimaita a hankali. Ya amsa, ya ƙara, ya yi ta yi. Ta tsaya da murmushinta na 'yan kasuwa, can sai murmushin ya ɓace, ta dafa ƙirji, ta jawo kujera ta zauna.

"Inna," in ji Nana, "cewa ta yi rabonta da jin irin wanga Faransanci tun wurin kakanta. Wai kalmomin Baba na mutanen da ne, ba a jin su yanzu ko can ƙasarsu."

Sun fi rabin awa suna hira, kifinsa ya huce bai sani ba. Ni kuwa na jingina ina kallon ruwa, muryarsa na shiga kunnena kamar waƙar da ban san ma'anarta ba. Rana ta yi ƙasa, kogin ya koma ja, masuncin ya zama inuwa. A wani wuri na ga matar ta nuna ni, ta yi tambaya. Malam bai dube ni ba, ya kafa ido a kan kogi ya yi magana mai ɗan tsawo. Nana ta sunkuyar da kai tana wasa da cokali, ba ta fassara ba. Matar ta miƙo hannu ta riƙe nawa ta matse. Na ɗauka gaisuwarsu ce haka.

Da za a rufe cin abincin, matar ta sa aka kawo mana wani abu da suke kira sufule, na ƙwai da madara da sukari, ya kumbura ya haye bakin ɗan kasko. Malam ya sa cokali, abin ya sace kamar an huda balo, ya ɗanɗana.

"Malama," ya ce, "shekara talatin ina gaya ma yara wanga abu kamar waina ya ke. Ashe iska ce anka toya."

Ya yi dariya har da hawaye. Mako guda da komawarmu gida ya hau babur ya je makarantar da ya bari, ya nemi izinin sabon malami, ya tsaya gaban 'yan aji uku ya gyara kuskurensa.

Shekara uku ya ƙara a duniya. Bai ga Faransa ba, bai kuma ƙara maganar zuwa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Maƙwabtanmu da ya je gwada bakinsa a wurinsu sun ja baya da Faransanci, sun ɗaga Hausar da muka tafi da ita a bakinmu. Nana ta ce tsohuwar ta koma ƙasarsu, an rufe gidan abincin, barandar ta fara zubewa cikin ruwa. Jikokina suna yi wa waya magana da Hausa ta mayar musu da kowane harshe suke so, ba rediyo, ba ƙamus. Hanyar Kebbe da yake bi da babur ko da yaushe ya ga dama, yanzu sai an tambayi lafiyarta kafin a kama ta. Ina jin zai yi murna da ɗaukakar Hausa, don bai taɓa raina ta ba. Wayar ce nake zaton za su yi rigima da ita. Zai ce ta iya fassara, amma ba ta san fargabar buɗe baki a gaban mai harshe ba, ba ta kuma san daɗin a gane ka ba.

Littattafansa suna nan a akwati, gara ta ci wasu. Ɗalibansa sun zama direbobi da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa, mafi yawansu gaisuwa kawai ta rage musu. Ban ce ya bar wani abin da duniya za ta yi ta ambato ba. Ya koyar da abin da ya sani da gaskiya, inda ya gano ya yi kuskure kuma ya koma ya gyara.

Nawa rabon daban ne. Bayan na fita takaba, Nana ta zo ta taya ni kwashe kayansa. Muna ninke riguna ta ce, "Inna, kin san abin da Baba yac ce ma matar nan da ta tambaye shi ke?" Na ce ina zan sani. Ta ce ta riƙe ne saboda kunya, amma yanzu ba ta ga amfanin riƙewa ba.

Wai cewa ya yi: wannan ita ce matata. Mayafinta nake ara in yi teburi, haƙurinta nake ara in yi rayuwa. Ban taɓa gaya mata ina sonta ba, domin mu a wurinmu ba a faɗa. Na koyi kalmar a harshenku tun ina saurayi, na koya wa yara dubu, yau ce ranar farko da na yi amfani da ita, ga shi kuma ba ta ji.

Malam, saƙo ya iso, ko da yake ya yi shekara uku da wata huɗu a hanya. Ni ma ban taɓa faɗa ba, kuma ba ni da wani harshen da zan ɓuya a ciki, shi ya sa na rubuta a nan da Hausa inda kowa zai gani. Allah ya jiƙanka, ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna, ya sa a ajiye mini kujera kusa da taka.