Malafar Delu Mai Aya

Duk Gidan Rumji an san Delu mai aya ta faɗa ruwa a ƙasar Tailan, an kuma san ba wanda ya tura ta. Da ƙafarta ta taka.

Tun tana budurwa Delu take auna aya da gyaɗa a kasuwa, tiya a hannu kamar tare aka haife su. In kuwa ita ce mai saye, dokarta ɗaya ce: ta taya, mai kaya ya ce albarka, ta miƙe ta kaɗe zane ta yi gaba. Ba waiwaye. Kafin ta yi nisa sai ka ji, "Dawo, Delu, na sallama." Daga Cadakori har Gangara ba ɗan kasuwar da bai kira ta ba, kuma da wannan suna take taƙama.

Bara ne Ilyasu, ɗan ƙanenta mai sarin takalma a Bankok, babban birnin Tailan, ya tafi da ita a duba mata ido. Da likita ya sallame su, ya ce sai ta ga kasuwar da ke ci bisa ruwa.

"Bisa ruwa? Ƙasa ce ta ƙare musu?" in ji Delu.

Suka shiga kwalekwale. Ita da ruwan da ta sani bai wuce na gulbi ba, mai zuwa da damina ya bar wa mutane rairayi, sai ta ƙanƙame katako tana salati. Ga jirage maƙil da mangwaro da kwakwa, ga wata tana suyar ayaba a nata jirgin, ko a jikinta.

Can wata tsohuwa ta miƙo sanda mai ƙugiya ta jawo jirginsu kusa da nata. Malafa take sayarwa, mai faɗi kamar faifai. Delu ta ga wadda za ta tare mata rana a kasuwa, nan take tsoro ya gudu. Aka hau ciniki da yatsu. Ta taya, tsohuwa ta girgiza kai. Delu ta miƙe, ta kaɗe zane.

"Gwaggo, zauna!" in ji Ilyasu.

Ina! Ta riga ta yi gaba.

Da ƙugiyar nan tsohuwa ta kamo hijabinta, Ilyasu da mai tuƙi suka jawo ta ciki kamar buhun da ya sha ruwa. Ta yi tari, ta share fuska, ta dubi Ilyasu: "Tambaye ta, ta sallama?"

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. Ta ɗora mata malafar a ka, ta karɓi abin da Delu ta taya.

Bakin Ilyasu ba ya riƙe magana, labari ya riga su isa gida. Rahina, 'yarta, ta roƙe ta: "Inna, don Allah ki ɓoye malafar nan, ki huta wa kasuwa har a manta."

"In ɓuya? Sata na yi?"

Ranar kasuwa ta fito da ita a ka, ta bi ta tsakiyar masu hatsi, ta zauna wurinta tana auna aya. Taubashinta Jibo mai igiya, wanda dama jira yake, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A'a, Sarkin Ruwa! Sannu da iyo! An ce kifayen Tailan suna gaishe ki. To, yau dokar taki ta karye ko?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Delu ta bari sai da suka gama, ta gyara zaman malafarta.

"Na jiƙe, ban musa ba. Amma na tashi, mai malafar ta kira ni, har da ƙugiya ta kira ni, kuma a kan tayina ta sallama. Kai da kake bisa busasshiyar ƙasa, Jibo, tashi ka tafi mu ga wanda zai ce ka dawo."