Lauyar da Ba Ta da Dangi a Yara

Bayan sallar La'asar aka zo aka tafi da Baba, a ƙofar masallacin unguwarmu a Yara, jama'a ko takalma ba su gama sawa ba. Shi ne ladanin masallacin tun kafin a haife ni, kuma makullin ɗakin janareta a aljihunsa yake kwana. Janareta ya yi ɓatan dabo, shugaban kwamitin masallaci ya kai ƙara wurin 'yan sanda cewa ladan ne ya sace. Ina gidan mijina a Tudun Ƙofa ƙanwata ta kira ni tana kuka. Abin da ta fara faɗa mini shi ne hular Baba ta faɗi sa'ad da ake sa shi a mota, kuma ba wanda ya duƙa ya ɗauka.

Shugaban kwamitin nan dillalin filaye ne, mai daɗin baki da yawan gaisuwa. Na san abin da ya haɗa su. Ya taɓa neman Baba ya tsaya masa shaida a kan iyakar wani fili, Baba ya ce bai ga lokacin da aka kafa dutsen iyakar ba, don haka ba zai ce ya gani ba. Mutumin ya yi dariya ya ce ba komai. Ashe ajiyewa ya yi a ransa.

An ba da belin Baba washegari, aka tura magana kotun majistare. Ya dawo gida, amma bai koma masallaci ba. A zaure yake salla shi kaɗai, in ya ji muryar wanda aka sa a madadinsa sai ya sunkuyar da kai. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Ba fitar Baba kaɗai nake so ba. So nake mutumin nan ya tsaya gaban jama'a bakinsa ya mutu, kowa ya gani, kamar yadda kowa ya ga hular nan a ƙasa.

Baffana, ƙanen Baba, shi ya samo lauya na farko. Na ce zan bi su, ya ce wannan ba maganar mata ba ce, na riga shi shiga mota. Ofis ne mai sanyi da kujeru masu laushi, lauyan ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Bai tambaye shi komai a kan janareta ba. Ya ce duk gida ne, bai kamata a ji kanmu a kotu ba, ya ma riga ya taɓa wancan ɓangaren. Sharaɗinsu mai sauƙi ne: Baba ya je gaban kwamiti ya ce a yi haƙuri, ya miƙa makulli, dangi su sayi wani janareta, a janye ƙara. Baffa yana ta gyaɗa kai. Na tambayi lauyan, wanda bai yi sata ba, haƙurin me zai bayar? Ya ce kalma ce kawai, Malama. A hanyar gida na tuna inda na san fuskarsa. Na ci shinkafar bikinsa, 'yar ƙanwar shugaban kwamitin yake aure.

Lauya na biyun wata abokiyar aikina a makarantar firamare ce ta yaba mini shi. Murya gare shi, ya buga tebur ya ce sai ya ga bayan duk wanda ya taɓa mahaifinmu. Na ji sanyi a raina har na kai gida. Kafin mako ya zagayo dattawan unguwa suka je gidan mahaifinsa da goro, mahaifin ya kira shi, sai ga shi a waya yana ce mini sulhu ya fi. A nan na gane ciwon garinmu. A Keffi kowane lauya ɗan wani ne, surukin wani ne, kuma kowane gida yana da zauren da dattawa za su shiga su zauna. Sulhu abu ne mai kyau, ni ma na sha zuwa yin sa. Amma wannan sulhun, ɓarawo zai mai da ubana har ya koma ga Allah, jikokinsa su gaji sunan.

Lokacin an yi hutun makaranta, sai na mai da kotu wurin zuwana. Nakan zauna a bencin baya da safe, ina kallon lauyoyi yadda nake kallon doya a kasuwa, ina juya kowanne a raina. Masu yawan Turanci ba su dame ni ba. Abin da nake lura da shi shi ne wa suke gaisarwa in an fito, kuma wa ke jan hannunsu zuwa gindin mangwaro.

Akwai wata lauya 'yar siririya da ba wanda ke jan hannunta. Tana kare wani makanike da aka ce ya sayar da injin motar mutane. Ba ta ɗaga murya. Tambaya take yi ƙarama, ta jira, ta ƙara wata ƙaramar, har mai ba da shaida ya fara share gumi da hularsa. Na yi bincike a kanta. Iyayenta 'yan kudu ne, suna sayar da kayan gyaran mota, a Keffi aka haife ta, Hausa a bakinta ta fi ta wasu ɗalibaina. Uban ya tsufa ya koma garinsu. Ba ta da baffa a Yara, ba ta da suruki a Tudun Ƙofa.

Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani shago. Na tambaye ta abin da za ta yi in dattawa suka zo mata.

Ta ce, "Zan ba su kujera da ruwa, Anti. Sannan in gaya musu ba ni da abin yafewa, ba ni aka sa a mota ba."

Na ce ta yi mini. Na zayyana mata yadda nake so a wulaƙanta shugaban kwamitin. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ba ni za ta kare ba, Baba za ta kare, kuma aikinta wanke shi ne, ba ramuwa ba. In shi ya zaɓi sulhu, sulhun za ta yi. Na ji haushinta sosai, na sauko daga benen ina cewa ashe ita ma haka take. Amma washegari ni na rako ta gidanmu.

Ta rufe kanta da gyale, ta zauna a tabarma a zaure, ta bayyana wa Baba hanyoyin biyu ba ta ɓoye komai ba. Shari'a za ta ja lokaci, za a yi ta ɗagawa, kuma ba ta yi masa alkawarin nasara ba. Na san halin Baba, mutum ne da in ka taka shi zai ce maka sannu. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

Ya ce, "Uwata, na ƙi yin ƙarya a kan filin wani. Yanzu kuma in yi ta a kan kaina?"

Dattawa sun je mata kuwa. Sun sha ruwa sun sauko.

Ranar da shugaban kwamitin ya hau akwatin shaida, babbar riga ya sha, har ya ɗaga wa mutane hannu. Ta tambaye shi makullin ɗakin janareta nawa ne, ya ce ɗaya. Ta tambaye shi ko ya tabbata, ya rantse. Ta ce ko ya taɓa karɓar makullin daga hannun Baba, ya ce bai taɓa ba. Sai ta tuna masa ranar da Baba ya tafi jana'iza Nasarawa ya bar masa makullin, a gaban liman. Ya ce ya manta. Ta tambaye shi ko ya san mai yankan makulli na bakin kasuwa, wanda ke zaune a waje yana jiran a kira shi. Ya buɗe baki, ya rufe, ya dubi benci yana neman wanda zai cece shi. Ni ya gani. Ban kawar da idona ba, kuma ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Kotu ta sallami Baba ta wanke shi. Janareta dai har yau ba a gan shi ba, kowa kuma ya san dalili. Na so a juya ƙarar a kan mutumin, lauyar ta ce akwai hanya in Baba ya yarda. Bai yarda ba. Dattawan nan dai suka rako mutumin zaurenmu, ya durƙusa, kafin ya gama magana Baba ya ce ya yafe duniya da lahira. Ina bayan labule ina cizon yatsa. Baffa ya leƙo ya ce in fito ni ma in ce na yafe. Na ce tuwo ne a wuta.

Da Baba zai koma kiran salla, matan unguwa muka haɗa hannu muka sayi sabuwar lasifika, tsohuwar ta fara shaƙewa. Ni na samo mai ɗaurawa, ni na tsaya a ƙasa ina nuna masa. Ya ce a fuskantar da ita titi, na ce a'a, ya ƙara juyawa hagu. Ya juya, na ce ya ƙara. Sai da bakinta ya daidaita da tagar ɗakin kwanan shugaban kwamitin, wanda yanzu ba shugaban komai ba ne, sannan na ce ya ɗaure tamau.

Baba bai sani ba, ya ɗauka don mutanen bayan layi aka yi. Muryarsa ta tsufa, tana rawa in ya ja, amma tana fita. Duk asuba ita ce ke fara shiga ɗakin mutumin nan, kafin ya buɗe ido. An ce ya sa an toshe tagar da bulo. Na je na duba, gaskiya ne, kuma ana ji ta bulon.