Bangon Ɗakin Kaka

Har yau idan na shiga ɗaki sai na ƙwanƙwasa bangonsa da bayan yatsa kafin in zauna. Ƙawayena suna yi mini dariya. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Shekarar da na gama sakandare Baba ya ɗora tanki a gidanmu na unguwar Dogo Nini, ya ce za a ja famfo har cikin ɗakin Kaka, mahaifiyarsa, don ƙafafunta sun daina kai ta bakin randa. Ni nake kai mata buta sau biyar a rana. Aka kira mai huda bango ya zo da injinsa. Bakin injin kamar dogon gwangwani ne mai haƙora, yana juyawa yana cin bango, ana tura masa ruwa daga jarka ta siririn tiyo don kada ya ƙone.

Da katangar waje ya fara, wadda gindinta dutse ne. Ya daɗe yana gumi, sannan ya zaro guntun dutse mulmulalle kamar gaɓar rake. A ginshiƙin kankare ya ci karo da rodi, ƙarar har cikin haƙorana. Bulon kicin kuwa cewa ya yi burodi ne. Ko'ina ya huda, ruwan kan dawo ya gangaro jikin bango, toka-toka.

Da ya zo ɗakin Kaka sai ya buga bangon, ya karkata kai.

"Alhaji, wannan bulo ne ko jan bulo?"

"Bulo ne, ciki da waje," in ji Baba.

Ni na san ba bulo ba ne. Tubalin ƙasa ne, ginin kakanmu. Ina firamare aka shafe shi da siminti fuska biyu aka yi masa fenti, kamar yadda rabin layinmu suka yi don kada a ce gidan ƙasa suke ciki. Baba ya sha gaya wa baƙi bulo ne, har ina jin shi ma ya yarda. Ina tsaye a nan da hijabina. Amma 'ya ba ta ƙaryata ubanta a gaban baƙo.

Aka ce in shiga ciki, in yi magana idan bakin injin ya ɓullo. Gadon Kaka a jikin bangon yake.

"Kaka, taso mu koma tsakar gida."

"Tafi can, matsoraciya. Tara na haifa a ɗakin nan, ƙarar ƙarfe ce za ta kore ni? Ku 'yan boko ko ƙadangare ya yi tari sai ku gudu."

Na ɗora tafin hannuna a bango, na ji shi da sanyi. Ta taga ina jin su.

"Alhaji, ruwan nan ba ya dawowa fa. Bangon sha yake yi. Kuma ga ja a bakin. Anya ba ƙasa ba ce?"

"Tsohon bulo ne. Ƙarasa kawai, saura kaɗan."

Bakin ya cushe, ya ƙara ruwa. Jarka ta biyu ta ƙare, aka buɗe ta uku. Da ya ɓullo ta wajena babu wani mulmulallen abu, jar laka ce ta tsiyayo a kan fenti. Mutumin ya naɗe tiyonsa, ya tafi.

Bayan la'asar na kai wa Kaka buta. A nan na ji shi: wani shuu a cikin bangon, kamar ana zuba gero a buhu. Simintin ya tsage siriri daga ramin zuwa sama. Na ce ta taso, ta ce sai ta idar da lazimi. Ba zan iya ɗaga ta ni kaɗai ba. Na ruga zaure.

Baba yana tare da abokansa biyu, ana hirar kasuwar shanu. Na durƙusa a bakin ƙofa, kamar yadda aka koya mini, ina jiran ya kai aya. Wallahi ban san minti nawa ba ne. Ya dube ni sau ɗaya, ya ɗaga hannu, wato in dakata. Na dakata.

Ƙarar ba ta ma yi ƙarfi ba. Dim ɗaya, sai jar ƙura ta shigo zauren.

Da rai aka zaro Kaka daga ƙarƙashin bangon, ƙugunta a karye. Kwananta tara a asibiti kafin ta rasu. Ran da ta gane ni, abin da ta tambaya shi ne ko an sa famfon.

Ranar sadakar uku ni nake miƙa ruwa ta bayan labulen zaure. Na ji wani dattijo yana tambayar yadda aka yi. Baba ya ce, "Tsohon gini ne, kwana ya ƙare." Kowa ya ce Allah ya jiƙanta. Na ajiye kofunan ruwan a hankali, na koma ciki.