Wasiƙa Zuwa Jami'ar da Yaƙi Ya Rufe

A wani shagon buga takardu a unguwar Hausari, wani dattijo yana tsaye bayan mai kwamfuta. Hularsa zanna bukar ta koɗe, alli ya maƙale a bakin hannun rigarsa. Malam Gana ake kiransa, kuma ga alama malamin tattalin arziki ne. Yana riƙe da takardar digirinsa da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri. A Sudan ya samo ta, zamanin da jami'arsu da wata ta can suke musayar ɗalibai.

Yanzu kwamitin tantance ma'aikata ya ba shi zuwa Juma'a: ko jami'ar can ta tabbatar da takardar, ko ya bar aji. Jami'ar kuwa yaƙi ya rufe ta.

Yana faɗar wasiƙar imel zuwa jami'ar, Rahmat mai shagon tana bugawa. Ba ya shiga buƙatarsa sai ya gaida malamansa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyalansu, har da mai shayin bakin laburare.

"Baba, wasiƙar ta sake dawowa," in ji Rahmat. "Karo na shida ke nan. Babu kowa a can fa."

"Akwai, 'yata. Mutanen nan sun ci tuwo a gidana."

Ya goge tabarau. Ya sunkuya yana bin layukan da yatsa, har ya tsaya.

"Ga laifin nan. Mun rubuta sunan shugaban sashe babu Ustaz. Shi ya sa ya yi shiru. Gyara, ki sake turawa."