Dashen Tumatirin Ya Falmata

Har yau ina tuna ranar da na kusa raba wata tsohuwa da lambunta, saboda taƙamar karatu.

A lokacin ina ƙaramin malamin gona, an tura ni kula da filayen lambu da aka yanka wa mata a bakin kogin Ngadda, a Maiduguri. Ƙa'idar aikin ita ce duk sati in zagaya in rubuta rahoto. Wadda aka samu da sakaci sai a ƙwace filinta a ba wa ta gaba a layi, kuma masu jira suna da yawa.

Wata safiya, saura mako guda a yi dashe, na tarar da irin tumatirin Ya Falmata ya yi yaushi, ƙasar ta bushe ƙamas. Ita wannan tsohuwa daga unguwar Limanti take zuwa, da lambun take ciyar da jikokinta. Na maƙwabtanta kuwa kore shar, don na umarce su da ban ruwa safe da yamma.

Na ce, "Ya Falmata, kin bar shuka za ta mutu."

Ta ce, "Wushe, sannu, Malam Ishaku. Ba mutuwa yake ba, horo nake masa. Ɗana, in ya saba da gata a nan, gobe ina zai iya ranar Maiduguri?"

Ban saurare ta ba. Na rubuta sunanta na miƙa wa shugabana, Malam Bukar, ya ce ƙarshen wata za a karɓe filin.

Ranar dashe na tsaya ina kallonta. Ta jiƙa wurin renon irin sosai tun da safe, don saiwa ta fito da ƙasarta. Ba ta dasa ko ɗaya ba sai bayan la'asar, sannan ta lulluɓe gindin kowane da busasshiyar ciyawa. Kwana uku aka yi ana rana mai zafi. Dashen maƙwabtanta masu yi mini biyayya ya kwanta, fiye da rabi bai tashi ba. Nata kuwa yana tsaye, gajere, mai kaurin kara.

Kunya ta kama ni ƙwarai. Na je ofis na roƙi Malam Bukar ya ba ni rahotona. Ya ce takardar da ta shiga fayil ba ta fita, sai dai in rubuta wata in ce na yi kuskure, kuma za ta zauna a nawa fayil ɗin. Na rubuta, na sa hannu.

Ku da kuke fara wannan aiki, in kun ga abin da bai yi muku ba a lambun mutum, ku tambayi dalili kafin ku ciro biro. Ya Falmata ta ci gaba da nomanta a wurin har ƙarfinta ya ƙare, ba ta taɓa sanin an rubuta sunanta ba. Kullum sai ta cika mini leda da tumatir, ni kuma ban taɓa samun bakin faɗa mata ba.