Dattijon da ke Kallo da Kunne

Ni mai aski ne a Mpape, kuma tun ranar da na buɗe shago na kafa tsari. Wanda ya fara zuwa shi ake fara yi wa aski, ko da wanda ya biyo bayansa da mota ya zo. Da na sayi talabijin na kafa a bango, sai na yi wa kallo nasa tsarin. Ana bin shiri a jere daga kashi na ɗaya. Wanda ya riga ya gani a waya ya riƙe bakinsa. Ba a magana sai an tafi talla.

Abin da zan faɗa a nan ya shafi wani dattijo mai fasa dutse, wanda idanunsa suke dushewa yana ɓoyewa don kada a sallame shi daga aiki. Shirin talabijin ne ya fara tona shi.

A lokacin muna bin wani shiri mai dogon zango da ake maimaitawa ranar Lahadi bayan la'asar. Lokacin ya yi wa kowa daidai, domin ba a aiki a wurin fasa dutse ran Lahadi, kuma Madam mai abinci ta kusa da ni, mutuniyar Filato, ta dawo daga coci. Labarin wani attajirin hatsi ne da ciwo ya kwantar, sai ƙaninsa ya karɓi ragamar gidan. Ƙanin nan bakinsa zuma. Kullum cikin addu'a yake, kullum "Yaya, kada ka damu." Amma duk muguntarsa da hannu yake yin ta, ba da baki ba. Zai zare makullin sito daga ƙarƙashin matashi ya jefa a aljihu. Zai juya baya ya yi wani murmushi da ke sa mutum ya ji kamar ya fasa gilashin ya shaƙo shi.

Kowa a shagon ya tsane shi, sai dattijon nan. Bazazzagi ne, siriri, mai furfura a gemu, kuma ya daɗe yana zaune a wani ɗaki can saman tudu. Da an tafi talla sai ya gyara zama ya ce, "Ni fa ban ga laifin yaron nan ba. A zamanin nan wa zai bar harkarsa ya zauna jinyar ɗan'uwa?"

Akwai wani direban tifa, Bakano, da ke ɗaukar dutse a wurin da dattijon yake aiki. Shi ne yake fara taso masa. "Baba, ai dole ka so shi. Wallahi idan aka bincika Bazazzagi ne."

"Da Bakano ne da tuni ya sayar da gadon da majinyacin a kai," in ji dattijon.

Madam takan tafa hannu ta ce, "Baba, wannan mutum mugu ne fa! Shi zai kashe yayansa, ka tsaya ka gani."

Ni na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi, ko kuma yana yi ne don ya kunna direban. Haka muka yi ta tafiya, har aka zo wani kashi da ƙanin ya ɗauki kwalbar maganin yayansa, ya tsiyaye a bayan taga, ya cika ta da ruwa. Yana yi yana cewa, "Allah ya tashi kafaɗunka, Yaya." Shagon ya yi tsit saboda takaici. A cikin shirun nan dattijon ya ɗaga hannu, da zuciya ɗaya, ya ce, "Amin."

Dariya ta ɓarke har na kasa tsawatarwa. Direban ya sauko daga benci yana riƙe da ciki. Dattijon ya yi ɗan murmushi yana juya kai hagu da dama, kamar mai neman wanda zai gaya masa abin da ya faru. Wannan juya kan ne ya tsaya mini a rai.

Da ya zo aski cikin makon, na gwada shi. Na gyara masa gefe ɗaya na gemu, na bar ɗayan yadda yake, na miƙa masa madubi. Ya ɗaga, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Madalla, ya yi kyau."

Babu kowa a shagon. Na karɓi madubin na ajiye, na ce, "Baba, tun yaushe?"

Bai yi musu ba. Ya ce tun bara abin ya fara, kamar hayaƙi, yanzu kuwa mutum sai dai ya ga inuwarsa. A wurin aiki da kunne yake tafiya. Idan za a tashi nakiya yana jin jiniya, sai ya bi sawun mutane. Dutse kuwa hannunsa ya san shi, guduma ba ta kuskure. "Malam, ka rufa mini asiri," ya ce. "Idan oga ya ji, ranar zan sauka. Samari ne cike a bakin get suna jira. Iyalina a gida da wannan gudumar suke ci."

Na ƙarasa masa askin tukuna, domin ba na barin aiki rabi. Sannan na ce masa abu na farko, ba zan faɗa wa kowa ba. Na biyu, daga yanzu zai riƙa zama kusa da ni ran Lahadi. Na uku, zai je asibiti a duba shi. Ya amince da na farko da na biyu. Na ukun ya ce sai an ga hali, wai idan ya nemi hutu za a tambaye shi dalili.

Lahadin da ta biyo baya na kawo sabuwar doka. Na ce daga yau idan an tafi talla, kafin kowa ya faɗi ra'ayinsa, zan maimaita abin da ya faru daga farko zuwa ƙarshe, saboda musu ya yi yawa. Na fara: ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa, ya buɗe akwatin yayansa, ya ɗauki abin da ya ɗauka, sannan ya fito yana share hawayen ƙarya.

Direban ya ce, "Haba Malam, mu makafi ne?"

Na ci gaba da bayanina, ban dubi dattijon ba. Amma Madam ta dube shi, ta dube ni. Da aka dawo daga talla sai ta fara abin da ba ta taɓa yi ba, wato magana ana cikin shiri. "Kai! Ga shi yana leƙe ta taga! Ga shi ya ɓoye a bayan ƙofa, ɓarawo!" Direban ya juyo yana jiran in kore ta. Na ce masa ya kalli gabansa.

A hankali ra'ayin dattijon ya sauya. Bai zagi ƙanin ba kamar yadda sauran suke yi. Wata rana dai ya girgiza kai ya ce, "Ashe haka yake. Ni kuwa har addu'a nake sa shi a ciki." Wannan karon babu wanda ya yi dariya sosai. Direban ma cewa ya yi, "To Baba, barka da isowa, ko da yake a makare."

Ina ta tuna masa maganar asibiti, yana ta ce mini sai wani makon. Ana nan, wata ranar Asabar da yamma, direban ya faɗo shagon da ƙurar dutse a fuska, bai ko yi sallama ba. Dattijon yana biye da shi a baya. Ashe a wurin aiki direban yana ja da baya da tifa, ya hango dattijon a tsaye daidai inda zai juye. Ya fito da hannu ta taga yana yi masa alama ya kauce, dattijon yana kallonsa bai motsa ba. Ƙarar injin niƙa dutse ta hana a ji hon. Da ƙyar ya taka birki.

"Kallona yake yi, Malam! Ido cikin ido!" Sai ya tsaya, ya dubi talabijin ɗin da ke kashe a bango, ya dubi dattijon. Muryarsa ta sauka. "Baba, ba ka gani ne?"

Dattijon ya zauna a benci ya cire hula. Ya ce, "Ɗana, kada ka kai ni wurin oga."

"Baba, ni ba zan iya ɗaukar ranka a wuyana ba. Gobe wani ne zai yi bayan, ba ni ba, kuma ba lalle ya duba madubi ba."

Suka juyo gare ni su biyun. Na ce gaskiyar direba ce, amma ba shi zai faɗa ba, ba ni ba kuma. Mai ido shi zai faɗi ciwon idonsa. Ranar Litinin zan rufe shago, mu fara zuwa wurin oga, daga nan mu wuce asibiti. Dattijon ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "To."

Haka aka yi. Oga ya saurare shi a tsaye, bai yi faɗa ba, amma ya ce ba zai ƙara hawa dutse ba sai ido ya gyaru. A asibiti likita ta ce yanar ido ce ta rufe idanun, kuma ana cirewa. Masu kallon Lahadi suka haɗa hannu, Madam ta ɗauki nauyin abincinsa, aka yi masa aiki a idon dama. Ya warke, ya koma wurin oga da ƙafarsa ba mai ja masa hannu. Ya tarar an riga an ba wani gudumar. Aka ce ya riƙa leƙowa. Ya yi ta leƙawa har ya gane ba za a kira shi ba.

Bai tsaya ganin ƙarshen zangon shirin ba. Da ruwan farko ya sauka ya ɗaure kayansa a buhu, direban ya sa shi a gaban tifa ya kai shi tasha. Bayan wani lokaci ya kira ni daga ƙauye. Ya ce ya karɓi gonar mahaifinsa daga hannun wanda yake nomawa, ya shuka dawa da ɗan wake, kuma da idonsa yake bin kunya yana cire ciyawa. Ya ce abin ba zai kai na dutse ba, amma za a ci. Na tambaye shi idon hagu, ya ce sai bayan girbi. Na ce masa idan an girbe ya zo, ni zan kai shi.