Batir Shida Da Masallacin Juma'a

Ni dai tun ina saurayi ba a san ni da haƙuri ba, kuma sana'ar da Allah Ya ba ni ita ce wadda ta fi kowace buƙatarsa. Cajin batir nake yi a Kazaure, a shekarun da kuɗin mai suka shigo, kowa na sayen rediyo mai kaset, masu hali suna kunna talabijin da batirin mota. Sai ka jona waya ka zauna kana kallon ruwa yana ɓararraka, ba yadda za ka yi ka sa shi sauri. Ni kuwa zaman ne ba na iyawa.

Baba yana Roni, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Duk abin da ciwon ya raba shi da shi bai dame shi kamar sallar Juma'a ba. Da Turawan kamfanin da ya yi mana titi za su tashi, sai suka bar wata 'yar mota marar ƙofa a cikin tarkacensu, irin wadda suke hawa in za su wasan ƙwallonsu na sanda. Ba ta shan mai, batir shida ne a jere ƙarƙashin kujera. Na roƙa aka ba ni, na tashe ta, na kai masa. Wayyo, ka ga tsoho da rawani yana murza sitiyari, yara na bin sa da ihu! Daga nan kowane mako sai na kwaso batiran a motar kasuwa, na yi musu caji, na mayar ranar Alhamis.

Wata bazara ƙanena ya kawo su da kansa, ya ce motar ta soma ja da ƙyar, ran Juma'ar da ta wuce saura kaɗan Baba ya rasa huɗuba. Na jona su. Na zauna, na tashi, na leƙa, na fita bakin titi na dawo. Biyar suka ɗauki wuta lafiya lau, ruwansu na motsi. Na shidan kuwa sai zafi yake yi kamar tukunya, ba ya riƙe komai. Na ɗauko ƙwan fitilar mota da wayoyi biyu na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina haske tar, da na zo kansa sai ya yi ja ya mutu. Abin haushin shi ne a jere suke aiki, in ɗaya ya yi rauni duk sai ya ja sauran ƙasa.

Na buɗe murafansa na haska ciki, sai ga wani farin dafi ya lulluɓe farantan. Na san wannan. Aikin ruwan rijiya ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, don sai da na tara ruwan sama a kwalabe da damina na kai gida, na ja kunnen kowa cewa in ruwan batir ya ja baya, da shi kaɗai za a ƙara.

Ban jira Alhamis ba, na ɗora su a mota na nufi Roni ina huci. Tun daga zaure na fara faɗa. Na tsare ƙanena, ya rantse bai taɓa ba. Na juya kan yaran gida. Inna ta fito tana cewa in yi a hankali, maƙwabta na ji.

Daga ɗaki Baba ya kira ni. Na shiga na durƙusa.

"Ka bar yaran nan," in ji shi. "Ni na zuba."

"Baba, ku da kanku? Ina kwalaben da na kawo?"

"Sun ƙare tun tuni. Na ga wancan na gefe yana ta shanye ruwansa, kai kuma ka ce ban da na rijiya."

Ya nuna mini bayan gado da haɓarsa. Jarkar zamzam ce da ya zo da ita daga aikin Hajji, wadda duk gidan aka san ya ajiye ta don a yayyafa wa likkafaninsa. Ko mai naƙuda sai an yi da gaske yake tsiyaya mata cikin murfi. Na ɗaga ta na ji wayam. Ashe kowane mako sai ya sa a tura masa motar bakin ƙofa, ya kori kowa, ya yi bisimilla ya ɗura.

Bakina ya kawo maganar cewa ai zamzam ma daga rijiya take, na haɗiye ta da ƙyar. Tausayi ya kama ni, haushin kuma bai sake ni ba. Gaskiya batirin ya riga ya tsufa, ko ba wannan ma yana hanya, kuma haka na gaya masa. Tambaya ɗaya ya yi mini:

"Jibi zan je masallaci ko ba zan je ba?"

Na ce za ku je. Na faɗa ne kawai, ban san ta yaya ba.

Washegari ban zauna ba. Na koma Kazaure da mataccen batirin na zazzage shi, na wanke, na sa sabon ruwa, na ba shi wuta a hankali. Ya ɗan yi kamar zai farfaɗo, na sa ƙwan fitila, ya sake mutuwa. Irin batiran nan gajeru ne masu kauri, ba irin na motocinmu ba. Na tambayi direbobin Kano, na aika Babura wajen masu shigo da kaya daga Nijar, har Gwiwa na je don an ce wani ya taɓa ganin irinsu a wurin mai injin niƙa. Babu. Da na gaji sai na koma Roni na cire shi daga layin gaba ɗaya, na haɗa biyar ɗin da waya mai kauri, na ce Allah Ya sa su kai.

Ran Juma'a Baba ya sha farar riga, aka ɗora shi, na bi shi a ƙasa. Motar na tafiya kamar tsohuwar jaka, ni kuwa kunnena na kan ƙarar injin. Muka wuce kasuwa. Muka wuce gidan mai unguwa. Daga nan akwai ɗan hawa mai yashi kafin filin masallaci, nan ta yi wani kuka siriri ta tsaya cak. Ga mutane sun cika sahu a gaba, har an fara juyowa ana kallonmu.

Na zagaya baya na sa kafaɗa. Nauyin batir biyar da na tsoho, ga yashi, ga rana, sai da na ji jijiyoyin wuyana za su tsinke kafin ta motsa. Baba bai waiwayo ba. Ya gyara zama, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana ɗaga wa abokansa, yana amsa gaisuwa kamar kullum. Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, ko leɓensa bai motsa sosai ba:

"Kai, ƙara sunkuyawa, suna hango hularka."

Na cire hular na cusa a aljihu, na ƙara sunkuyawa, na ci gaba da turawa har sahun farko.